Yatsan Jumberi

Da la'asar sakaliya muka shirya shiga dajin fadama, ni da Jumberi ƙanen matata, mai tuƙin kwalekwale, da Bu Lisna, masaniyar dabbobi daga jami'a.

Abin da ya kawo ta ƙauyenmu na bakin kogi a tsibirin Kalimantan wata 'yar kyanwar daji ce mai shafaffen kai, mai fata tsakanin yatsu, wadda ke kamun kifi. Tun kwanakin baya ta ɗaure burushi a jikin itace ta shafa masa man kifi, don kyanwar ta goga jiki ta bar gashi. Da gashin za a gane danginta, a tabbatar ita ce wadda ta kusa ƙarewa, a hana masu gonar manja janye ruwan dajin. Na ce mata kyanwa dai kyanwa ce. Ta ce in littafi za a bi, ni ma da biri ba mu da nisa.

Za mu fita ke nan matata ta kawo gahawa da soyayyar ayaba. Kowa a nan ya san ƙa'ida: in an miƙo maka abinci, ko ba za ka ci ba, ka taɓa da yatsa. Wanda ya wuce bai taɓa ba, ya ɗauki kapuhunan, wato alhakin ƙin abinci, daji na iya riƙe shi ya hana shi dawowa. Ni na shanye tawa, don ba na wasa da al'ada, balle mai sukari. Bu Lisna ta dangwala yatsa. Jumberi yana faɗa da injin kwalekwale, ya ce ruwa na janyewa. Yayarsa ta bi shi da kofi har bakin ruwa tana kira, bai waiwayo ba.

Ruwan fadamarmu baƙi ne kamar shayin da aka manta a wuta. Da muka shiga ƙaramin rafi sai muka kashe inji muka koma tura kwalekwale da sanda. Mun tarar da burushin cike da jan gashi mai laushi. Bu Lisna ta tsince shi cikin ambulan.

Kafin mu juya, magariba ta sauka. Kwaɗi suka yi shiru gaba ɗaya.

Sai ƙanshin gahawa.

Sabuwa, mai zafi, a inda babu gida ko ɗaya.

"Amang," in ji Bu Lisna a hankali, haka take kirana, wato kawu. "Ina Jumberi?"

Sandarsa na kwance cikin kwalekwale. Shi kuwa yana can yana ratsa ruwa har gwiwa, kai tsaye, kamar wanda aka kira. Muka bi shi. Laka tana tsotsar ƙafa, ƙaya tana jan riga.

A kan wani ruɓaɓɓen kututture wata tsohuwa ke tsugune. Gajeriya. Saman kanta a shafe, kunnuwanta ƙanana can ƙasa, idanunta manya kuma kusa da juna. Ruwa na ɗiga daga hannunta. Da ta miƙo ƙoƙon kwakwa mai tururi, na ga fata tsakanin yatsunta.

"Ka baro taka a gida," ta ce wa Jumberi. "Ga wata."

Ƙarƙashin ƙanshin akwai ƙarnin kifi.

In ya sha, ya zama na mutanen ɓoye. In ya ƙi, ya ƙi sau biyu a yini ɗaya, daji ba zai sake shi ba.

Ya miƙa hannu biyu. Bakinsa har ya buɗe.

"Jumberi," na raɗa masa, "kai da ba ka da lokacin gahawa?"

Bai ji ni ba.

Bu Lisna ta rungume hannunsa na hagu. Na cafke na dama, na nannaɗe yatsunsa cikin tafina, na bar ɗaya. Ƙarfinsa ya fi na bauna. Na danna kan yatsan a bakin ƙoƙon.

Tsul.

Sanyi ya ratso ta jikinsa har kafaɗata.

"Ya taɓa, Kaka," na ce, muryata kamar ta ɗan tsako. "Mun gode."

Ta daɗe tana kallona. Haƙoranta sirara, sun karkata ciki. Sannan ta kifar da ƙoƙon, wani abu ya faɗa ruwa ba fantsama.

Muka ja shi da gudu. A bayanmu ana tafiya cikin ruwa, caɓ, caɓ, ba gaggawa. Sai da inji ya kama kwaɗi suka dawo da kuka.

Gashin ya isa jami'a, aka tabbatar kyanwar ce, masu manja suka tsaya a bakin daji. Bu Lisna ta rubuta komai dalla-dalla, ban da abin da ya fi muhimmanci.

Jumberi ya dawo gida, amma ya sayar da kwalekwalen. Yatsan nan kullum a jiƙe yake, a yamutse, ko a tsakar rana. In magariba ta yi yakan zauna ya ba daji baya. Yatsan kuwa sai ya lanƙwashe a hankali, shi kaɗai, yana nuna can.