Mazauna Hawa na Biyar

Ran da abin ya fara, yammacin bai bambanta da na kullum ba. An yi yayyafi bayan la'asar, ƙasa ta yi sanyi, Hajiya Saratu kuma tana tsakar gida tana tuƙa tuwo sanye da hijabi har ƙasa, kamar mai shirin zuwa gaisuwar mutuwa. Shekara biyu ke nan haka take girki a gidan mijinta, tun da aka tayar da bene mai hawa biyar a bayan katangarsu, tagoginsa duk suna kallon murhunta da igiyar shanyarta da ƙofar makewayi.

Mijin, Alhaji Rabe, yana zaune a baranda da fayil a kan cinya. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati, ya ajiye ba tare da an taɓa jin sunansa cikin wata badaƙala ba, kuma a duniya ba abin da yake taƙama da shi kamar wannan. Sa'ad da ya gina gidansa a Unguwar Rimi, layin nan duk gidajen ƙasa ne da itatuwan mangwaro. Shi ya sa da wani mai kuɗi ya karɓi takardar gina hawa biyu, ya wayi gari ya ɗora uku a kai, maƙwabta suka naɗa Alhaji Rabe shugaban kwamitin ƙorafi. Ya rubuta takarda ta fi ashirin. Ya yi zaryar ofishin tsara gari har masinjoji suka san takunsa: yau a ce oga ya fita, gobe a ce fayil ya haura sama, jibi a ce fayil bai sauko ba.

Layin ma ya rabu biyu. Injiniya Ibrahim na gidan kusurwa cewa yake gari girma yake yi, 'ya'yanmu ma haya suke nema ba su samu, a sa mai ginin ya canza gilashin tagogi zuwa wanda ba a gani ta cikinsa, ya gyara magudanar ruwa, a bar masa benensa. Ofis ma sun ce in shugaban kwamiti ya sa hannu a kan haka, za su rufe maganar. Alhaji Rabe ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai sa ba, gilashi ai buɗe shi ake yi. Hawa ukun nan sai sun sauka. Ya ja mutane suka tsaya tare da shi, wasu har suka daina gaisawa da Injiniya. A ƙarshe dai ya yi nasara: ranar Litinin aka zo aka shafa wa benen jan fenti, aka ce nan da mako biyu za a zo a sare kansa.

Wannan yammacin Laraba ce. Ladan ya ɗaga murya ke nan dutse na farko ya faɗo a kan kwano.

Na biyu ya faɗa gefen tukunya. Gutsuren bulo ne, da Hajiya ta taɓa shi ta ji shi da ɗumi kamar an ciro shi daga toka. Alhaji ya miƙe ransa a ɓace, ya ce ai ya sani, yaran mai bene ne. Ya ɗauki tocila ya tasa maigadin benen a gaba, suka hau tun daga ƙasa har ƙololuwa yana haki yana faɗa. Ba kowa. Ƙurar siminti ta kwanta a hawa na biyar lumui, ko sawun ƙadangare babu. Ya sauko ya yi abin da ya iya, wato ya zauna ya rubuta wata takardar ƙorafin.

Kashegari da magariba aka sake, haka jibi. Jifan ba ya wuce tsakanin kiran salla da ɓacewar jan gari, kuma bai taɓa sauka a gidan kowa ba sai nasu. In ya lafa sai a ji motsi daga can sama, a ginin da ba ƙofa ba wuta: ana jan kaya a ƙasa, ana daka a turmi a hankali, wani lokacin jariri ya yi kuka a rarrashe shi. Hajiya ta daina girki a waje. Ta ce, "Alhaji, wannan fa ba aikin mutum ba ne." Ya ce ta bar shi da camfi, mutum ne, kuma zai kama shi.

Ranar Lahadi 'yarsu Nafisat, wadda ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, ta fita kwashe shanya ana gab da kiran salla. Uwar ta ji shiru ya yi yawa, ta leƙa. Ta same ta tsaye, zane ɗaya a hannu, ta ɗaga kai tana kallon benen, idanunta ba sa ƙiftawa. Ta kira ta sau uku. A na ukun yarinyar ta sulale ƙasa.

Kwana huɗu ba ta ce uffan ba. Asibiti suka auna abin da za su auna, suka ce ba su ga komai ba. Da rana tana kwance kamar mai barci, amma da zarar rana ta yi ja sai ta tashi zaune ta juya wa mutane baya, ta fuskanci bangon da benen yake bayansa, tana wani gunaguni ƙasa-ƙasa da muryar da ba tata ba. Alhaji Rabe ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta, takaici ya cika masa ciki, don wannan karon bai san ofishin da zai kai ƙara ba. Hajiya ba ta ƙara neman shawararsa ba, ta aika unguwar Badarawa aka ɗauko Malam Ubaidullah.

Malamin dattijo ne siriri marar yawan magana. Ya zo bayan la'asar, ya sa aka jiƙa ganyen magarya a ƙwarya, ya zauna nesa kaɗan da tabarmar yarinyar, uwar tana riƙe da kafaɗunta. Ya fara karatu da murya ɗaya, ba ya ɗagawa ba ya saukewa. Haske ya yi ta janyewa daga ɗakin. Can jikin Nafisat ya ɗauki rawa, yatsunta suka ƙage, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, a gajiye.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta nake son ya ji, shi kuwa ba ya jin jifa."

Alhaji Rabe ya dafa bango ya zauna.

Muryar ta ci gaba a hankali, kamar mai ba da labarin da ta gaji da maimaitawa. Ta ce su gida guda ne, ita da 'ya'ya da jikoki. A wata tsamiya suke a filin nan tun ba a san za a yi unguwa ba. Aka sare ta, suka koma tsohuwar rijiya, aka cike ta da kankare. Suka yi ta gararamba a magudanai, har Allah ya sa aikin benen ya tsaya saboda takardun Alhaji, suka samu hawa na biyar, ga iska ga shiru, suka shimfiɗa kayansu. Yanzu kuma an zo an shafa jan fenti.

Malam ya ce, "Ƙasar Allah da faɗi. Ku tafi daji."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wane dajin? Je ka duba, duk an yanka filoti."

"Ku bi bakin kogi."

"Akwai masu shi, kuma sun fi mu yawa. Malam, mun gaji da tashi. In an sare benen nan, gidan da ya fi kusa nan ne, jikin da ya fi kusa kuma wannan ne."

Malam ya tsananta karatu har ta yi ƙara, ta roƙi ya sassauta. Aka shiga ciniki. Ta ce a bar musu hawa na biyar gaba ɗaya. Ya ce ba zai yiwu ba, in an gama gini mutane za su shiga, kuma ba a yarda ku firgita kowa ba. Sai ta ce to akwai ɗan ɗakin tankin ruwa a can ƙololuwa, ba mai hawa sai shekara-shekara, ya ishe su. Amma sai an bar ginin a tsaye, ba a sare kansa ba. Mai fayil ya je ya janye.

Nan Alhaji ya kasa daurewa. Ya ce, "Shekara biyu ina wahala. Matata ba ta iya cire hijabi a gidanta. Ni ne mai laifi ke nan?"

"Ba mu ne muke leƙa ku ba, Alhaji. Ni ban san mai laifi ba. Na dai san inda jikokina suke kwana."

Malam Ubaidullah ya ja shi baranda. Ya ce masa gaskiya ita ce irinsu suna ƙarya, kuma ba dole ne a biya musu buƙata ba. Zai iya ci gaba da karatu har ta fita don dole. Sai dai abin yakan ɗauki kwanaki, yakan wahalar da marar lafiya, kuma wanda aka kora da ƙarfi ba shi da alkawarin da zai riƙe. "Zaɓi naka ne. Abu ɗaya nake roƙo, ko me aka yi, kada yarinyar ta san da bakinta aka yi wannan magana. Masu irin wannan in sun sani, tsoro yakan buɗe ƙofar da aka rufe. Kuma ka san unguwa, budurwa ce."

Alhaji ya daɗe tsaye. Ta taga yana jin numfashin 'yarsa yana fita da ƙyar. Haushi yake ji na mai bene, da ofis, da tsohuwar, da kansa, ya rasa wanda zai fara zagi. Ya koma ciki ya ce ya yarda.

Malam ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa ba jifa, ba tsoratarwa, ba dawowa. Ta rantse. Ya ce ta fita ta yatsan ƙafa. Ƙafar hagun Nafisat ta miƙe ta yi karkarwa, babban yatsan ya lanƙwashe ya saki, yarinyar ta yi atishawa sau uku ta kwanta lamo. A daren nan ta nemi kunu.

Ranar Juma'a Alhaji Rabe ya sa hannu. Ranar Asabar ya tsaya a ƙofar masallacin layi ya gaya wa mutanen da ya ja shekara biyu cewa ya janye, za a canza gilashi, bene zai tsaya. Aka tambaye shi dalili, ya ce ya duba ne ya ga hakan ya fi. Ba wanda ya ɗaga murya. Wani dai daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe kowa da farashinsa." Injiniya Ibrahim ya miƙo masa hannu da fara'a, wannan ya fi zagin ciwo.

Da ya shiga gida ya tarar da Nafisat zaune a baranda tana shan rake, ta rame amma idonta ya dawo nata. Abin da ta sani shi ne zazzaɓi ya kayar da ita.

"Baba, sannu da zuwa. Jibi ne za a zo rushe benen ko? Ina so in gani da idona."

"Ba za a rushe ba."

Ta sauke raken. "Kamar yaya? Kai fa ka yi nasara."

"An ba ni haƙuri ne, na haƙura."

"Wa ya ba ka? Mai benen?"

Ta yi ta kallonsa, ya ga lokacin da tunanin ya shigo mata, irin wanda ya baro a ƙofar masallaci, ya ga ta sunkuyar da kai don kunyar abin da ta zarga. Hajiya Saratu tana bakin ƙofar ɗaki, ta girgiza masa kai a hankali.

Ya ce, "Sha rakenki, Nafi." Ya ɗauki buta ya zagaya.