Baƙon da Ba a Raka Ba

Gab da magariba Saudatu ta shirya za ta koma makarantar koyon jinya. Da ta iso bakin zaure sai ƙafa ta ƙi. Ba ciwo, ba jiri. Ta juya ta tsaya bayan kantar katakon da ke kusurwa. Sai aka fara ƙwanƙwasa ƙofa daga cikin bango.

Zauren mahaifinta, Baffa Mijinyawa, a Ƙofar Ran ya taɓa zama otal, amma a talabijin kawai. Wani Andrawus ne ya are shi don wasan barkwanci, ya kafa kanta, ya manna ƙofar ɗaki a jikin bango, wadda in ka buɗe ba abin da za ka gani sai tubali. Saudatu ce mai karɓar baƙi a wasan. Wasan bai daɗe ba aka daina nuna shi, kuma ba a ji wanda ya yi zaman makoki a Bauchi ba. Baffa ya buga wa ƙofar ƙusoshi don iska na kaɗa ta.

Kwanaki suka ja, Saudatu ba ta taka waje ba, ga jarrabawar ƙarshe tana matsowa. Ƙwanƙwasar kuwa ba ta daina ba, Baffa ya ce ɓera ne. Ɓeran dai yakan ƙwanƙwasa a hankali, ya dakata, kamar mai jin nauyin masu gida.

Da aka ɗauko Malam Hammawa mai ruƙiyya, bai yi nisa da karatu ba wata muryar dattijo ta fito daga bakin yarinyar, ta gaishe shi da ladabi.

"Ni baƙo ne, Malam. Ina wucewa yarinyar nan ta dubi ƙofa ta ce bismillah, akwai ɗaki. Na shiga. Aka rufe ni."

Malam ya gaya masa wasa ne, ba otal ba ne. Muryar ta ce ta so ta yi zargi da ta ga ba ruwa ba wuta, amma ta kwana a otal-otal ɗin da ba su fi haka ba. Malam ya ce to ya saki 'yar mutane.

"In ta tafi wa zai sallame ni? Baƙo ba ya fita ta katanga."

Baƙon ya nemi a ci gaba da wasan tukuna. Malam ya ce wannan ya fi ƙarfin malamai. Aka daidaita a kan a buɗe masa, mai gida ya yi masa rakiya.

Baffa ya zare ƙusoshin da kansa, ya buɗe ƙofar. Ya fita yana tafe a gefe guda, ya bar wa iska hanya, maƙwabta suna kallo, har bakin titi. Can ƙasa-ƙasa ya ce a gaida gida.

Da ya juyo, Saudatu na tsaye a tsakiyar lungu, ƙafa ba takalmi. Ya ce ta shiga ta saka.

"A'a, Baffa. A miƙo mini su nan."