Bidiyon da Baba Ya Aiko Daga Rum

A unguwar Bani Malik da ke Jidda, akwai wani yaro da ba ya son a fi shi labari. Ba mugu ba ne. Cika baki ne kawai ya yi masa yawa.

A Jidda aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ya gauraya ta da Larabci. Kano kuwa a bakin Umma kaɗai ya san ta.

Babansa, Malam Adamu, direba ne a gidan wani Balarabe da ake kira Abu Meshari. Shi ne kafilinsa, wato a ƙarƙashinsa aka yi musu iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. In ya janye hannunsa, zama ya ƙare. Duk yaran layinsu sun san wannan.

Da hutu ya zo, Abu Meshari ya kwashi iyalinsa zuwa birnin Rum na ƙasar Italiya. Ya tafi da Malam Adamu don ya riƙa tura keken tsohon mahaifinsa, wanda ba ya iya tafiya.

Kullum Baba sai ya aiko da hotuna a wayar Umma. Ran farko ya aiko da wani ƙaton gini zagayayye, gefensa ɗaya ya rushe, jikinsa duk ƙofofi. Ya ce sunansa Kolosiyam, kuma a da can ana haɗa mutane faɗa da zakuna a ciki. Wata rana ya aiko da wani gini mai ƙubba, da ƙaton rami a tsakiyar rufinsa. Umma ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko mutanen garin ba su da magina ne.

Yaron ya kai labari makarantar hadda ta masallacin unguwa. Abokinsa Rayan ya yi dariya. Ya ce shi dai ya san Malam Adamu a gidan maigidansa da ke unguwar Aziziyya yake wanke mota, in da gaske ne a kawo shaida. Maganar ta tsaya wa yaron a rai.

Ran nan sai Baba ya aiko da bidiyo. Ga wani tafki a tsakiyar gari, ruwa na kwarara ta ƙarƙashin manyan dawakan dutse. Mutane sun cika wurin suna jefa sulalla a ciki. Ga fuskar Baba yana murmushi, yana cewa, "Kun ga ikon Allah?"

Ba a jima ba ya kira waya. Ya ce wa Umma sai da ya aiko ya lura iyalin maigida sun fito a gefe. Shahad, 'yar Abu Meshari, ta ɗaga niƙabinta tana shan askirim tana dariya, mahaifiyarta na kusa da ita.

"Ku kalla ku goge," in ji Baba. "Kada kowa ya gani."

Umma ta ji ƙaurin miya daga kicin. Ta miƙa wa yaron wayar, ta ce ya goge. Ya ce to.

Bai goge ba. Ya ce a ransa Rayan kaɗai zai nuna wa, don ya rufe masa baki. Ya danna, bidiyo ya tafi.

Rayan ya tura wa yayansa. Yayan ya ɗora shi inda duniya ke gani. Mutanen da ba su san Shahad ba suka yi ta rubuta abin da suka ga dama a kanta. Daga wannan waya zuwa waccan, har ya isa hannun dangin Abu Meshari.

Hotunan Baba suka daina zuwa.

Da Baba ya sake kira, Umma a tsaye ta ɗauka, amma a zaune a ƙasa ta gama. Yaron ya ji ta maimaita kalma biyu a hankali, "Khuruj niha'i." Ya san ma'anarsu. Abu Meshari ya janye hannunsa ke nan, fita ce daga ƙasar wadda ba dawowa.

Umma ta duba wayarta, ta ga inda bidiyon ya bi. Ta kalle shi. Ba ta dake shi ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Da ma ta dake shi, da ya fi masa sauƙi.

"Na ce ka goge, ka ce mini to," ta ce.

Washegari yaron ya bi gidajen abokansa a cikin zafin rana, yana roƙo su goge. Wasu suka goge. Wasu suka ce sun riga sun tura wa wani. Malaminsu na hadda, Ustaz Yahya, ya tara yaran ya sa kowa ya goge a gabansa, yayan Rayan ma ya sauke nasa.

Yaron ya tambayi malamin ko shi ke nan an gama.

"Na wayoyin nan mun goge, ya waladi, ɗana," in ji Ustaz Yahya. "Wanda ya riga ya fita, ba ni da hannun da zai kamo shi."

Baba ya dawo daga tafiya a rame. Aka ce ya zauna a gida har a gama masa takardun fita. Yaron bai taɓa ganin babansa a gida da hantsi ba. Yanzu ga shi zaune a kan tabarma, ya zuba wa bango ido.

Umma ta fara karɓo kwalaye daga kantin bakin layi. Tana ware tukwanen da za a ɗauka da waɗanda za a bayar. Maƙwabta na shigowa su yi jaje ƙasa-ƙasa, kamar gidan da aka yi rasuwa. Ƙanwarsa ta tambaya ko a Kano akwai teku.

Yaron ya kasa cin abinci. In ya leƙa taga ya ga yara na ƙwallo, sai ya tuna an kusa raba shi da layin nan, da masallacin nan, da duk wanda ya sani. Kuma shi ya jawo. Ya yi kuka har ya gaji, kukan bai gyara komai ba.

Wata rana ya zauna kusa da babansa.

"Baba, ka gaya wa Abu Meshari ni ne?"

"A'a."

"To wa yake zato?"

"Ni. Yana ganin ni na ɗora don in yi suna da iyalinsa." Baba ya dube shi. "Ni na ɗauka, ni na aiko. Kai yaro ne. Halas, shi ke nan, bar maganar."

Yaron ya roƙi a kai shi ya faɗi gaskiya. Baba ya ƙi. Ya ce ba zai kai ɗansa inda za a ci masa mutunci ba.

Sai yaron ya je wurin Umma. Ta ce in Ustaz Yahya zai raka shi, ta yarda. Bayan la'asar malamin ya ce, "Yalla, mu tafi," suka hau mota zuwa Aziziyya.

Abu Meshari ya karɓe su a falon baƙi, fuskarsa ba annuri. Ustaz Yahya ya gaishe shi, ya ce ɗan Malam Adamu ne ke da magana. Daga nan ya ja bakinsa, ya bar yaron shi kaɗai.

Yaron ya kira maigidan da Ammi, wato baffa a Larabce. Ya ce, "Ya Ammi, ba Baba ne ya yaɗa bidiyon ba. Ya ce a goge. Ni ne na tura wa abokina, don ya yarda Baba ya je Rum."

Ran Abu Meshari ya ƙara ɓaci. Ya ce tun da suka dawo Shahad ba ta fita ko ƙofar gida ba. Ƙawayenta na kira ba ta ɗauka. Ya tambayi yaron ko ya san mutum nawa suka ga fuskarta.

"Ban sani ba."

"Za ka iya dawo da shi?"

"A'a, ya Ammi. Na gwada, na kasa."

"To me ka zo yi?"

Hawaye suka zubo wa yaron. "Na zo ka hukunta ni, ka bar Baba."

Abu Meshari ya dube shi da kyau. Ya ce ya tsare Adamu da tambaya a Rum, ya sake tsare shi a Jidda, bai taɓa ambatar yana da ɗan da ya taɓa wayar ba.

"Ya gwammace a kore shi da a kira sunana," in ji yaron.

Abu Meshari ya tashi, ya ce ba shi aka fi yi wa laifi ba, don haka ba shi zai yanke ba. Ya shiga cikin gida wurin 'yarsa.

Jiran ya yi wa yaron tsawo. An kawo shayi, ya huce ba wanda ya taɓa.

Da Abu Meshari ya fito, muryarsa ta sauko. Ya ce Shahad ta ji komai. Har yanzu abin na yi mata ciwo, amma ba ta so a tashi gida guda saboda ita. Ta yafe.

"Ka ce wa babanka ya zo aiki gobe."

Yaron bai jira motar ta gama tsayawa a Bani Malik ba. Ya haura bene da gudu, ya faɗi saƙon yana haki. Umma ta yi hamdala. Baba ya sa ya maimaita, sannan ya jawo shi jikinsa. Yaron ya ji kafaɗun babansa na girgiza, ya gane kuka yake.

Da suka natsu, Baba ya ce, "Ni ma na yi kuskure, da na duba kafin in aiko. Amma ka riƙe wannan. Hoton mutum amana ne. Ba a nuna fuskar wani sai da izininsa. Kuma in ka ce wa mahaifiyarka to, ya zama to."

Suka ci gaba da zamansu a Jidda cikin kwanciyar hankali. Bidiyon kam ba wanda ya san iyakar inda ya kai. Shi ya sa duk lokacin da yaron zai tura wani abu a waya, sai ya dakata ya tambayi kansa wa zai cutu, domin ya ga da idonsa cewa abin da aka saki ba ya dawowa.