Muryar da Ta Saura a Magudana

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da manajan otal ya bugo wa Sifana waya. Magudanar gefen tafkin ninkaya ta toshe, ruwa ya kwanta a kan tayil, wani baƙo ya zame har ya fasa gwiwa. Da safe 'yan makaranta za su zo gasar ninkaya, saboda haka yau ɗin nan ake son aikin.

Sifana mai gyaran famfo ne, kuma ya iya aikinsa, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Abin da bai iya ba shi ne haƙuri. Sunan ma ya samo shi ne ranar da ya jefi abokin aikinsa da sifana, ƙarfen kwance noti, don ya maimaita masa tambaya. Sai Allah ya haɗa shi da 'ya mai surutu. Shekararta biyar, ana kiranta Rediyo, domin daga buɗe ido har barci ya sace ta bakinta ba ya hutawa. Tana hira da tsintsiya, tana hira da takalmin ubanta, in ta rasa abokin hira ta tambayi kanta ta ba kanta amsa. Uwarta na dariya. Shi kuwa sai ya ce wannan yarinya za ta fasa masa kai.

Ranar uwar tana aikin yamma a shagon ɗinki, ba wanda zai bar wa yarinyar. Ya ɗora ta a gaban babur, ya ɗaure akwatin kayan aiki a baya, suka tafi tana ba shi labarin wani ƙadangare da ta ce ya gaishe ta. Hankalinsa ba ya wajenta. Akwai wasan ƙwallo da za a fara da shigar duhu, kuma ya rantse ba zai wuce shi ba.

Mai gadi ya buɗe musu ƙofar baya ya koma bakin get. Wurin ninkayar babu kowa. An jera kujerun shan iska a jikin bango, an naɗe lemomi, warin kulorin, maganin tsabtace ruwan tafki, ya cika ko'ina. Daga ɗakin inji ana jin famfo yana gurnani a hankali.

Sifana ya san wurin, don shi ya shimfiɗa magudanar da hannunsa. Doguwar kwata ce siririya da ta kewaye tafkin, an rufe ta da murfin raga gunduwa-gunduwa. An ba wa tayil ɗin 'yar gangara yadda duk ruwan da ya fantsamo daga tafki ko ya ɗiga daga jikin mutane zai gangara cikinta. Daga nan ya bi bututu zuwa wani rami a kusurwa, mai murfin ƙarfe, inda gashi da yashi ke taruwa kafin ruwan ya wuce waje. Yanzu kwatar ta cika fal, ruwan ya haura ragar, yana kumfar sabulu.

Ya ɗaga murfi ɗaya ya zura doguwar wayar ƙarfe ta buɗe magudana. Ta shiga, ta shiga, sai ta tokari wani abu mai taushi. Ya murza, ya ja, ta ƙi. Da ya zaro ta, akwai gashi a bakinta, baƙi, dogo fiye da kima, kuma da ɗumi.

Ya yarfar da shi yana tsaki.

Masu wannan sana'a suna da tsarin aikinsu, kuma ogan da ya koya wa Sifana bai taɓa wasa da shi ba. Soda mai cin datti ita ce ta ƙarshe. Kafin a zuba ta sai an ƙwanƙwasa murfin ramin da ƙarfe, a buɗe shi, a saki ruwan sanyi, a jira. Kwaɗo ne, ɓera ne, ko ma mene ne ya mayar da wurin gida, a ba shi hanya ya fita. Ogan kan ce soda ba ta san datti ba, ba ta san nama ba. Sifana ya dubi ramin. Murfin ya yi tsatsa, buɗe shi kaɗai zai cinye masa rabin wasa. Ya dubi sama, ja ya fara komawa toka. Ya tafi akwati ya ɗauko robar soda da bokiti.

Sai a lokacin ya lura da Rediyo. Ta yi rub da ciki a kan jiƙaƙƙen tayil, bakinta a jikin raga, tana ta zuba.

Ya daka mata tsawa ta tashi. Ba ta tashi ba. Ta ɗago tana murmushi, ta ce masa akwai yara a ciki, ƙanana, uwarsu ta fita, ta ce su jira ta. Ta ce ɗaya ma bai iya magana ba tukuna, sai dai ya yi ta tsotsar yatsa.

Ya juye sodar a bokiti, ya ƙara ruwa. Bokitin ya ɗauki zafi, tururi mai yaji ya tashi.

"Baba, me za ka zuba musu?"

Ya ɗauki bokitin.

"Baba, ka bari uwarsu ta dawo. Sun ce ba su san hanyar fita ba."

Abin da ya sa labarin nan yake da ɗaci shi ne Sifana ya ji. Da ya sunkuya da bokitin, wani siririn sauti ya fito daga bututun, kamar na 'ya'yan kyanwa, kamar kuma ba nasu ba. Ya tsaya na ɗan lokaci. Ba a ce bai ji ba. Ya ji, ya auna shi da wasan ƙwallo, ƙwallo ta rinjaya.

Rediyo ta riƙe masa ƙafar wando tana kuka, tana Baba, Baba, don Allah. Ya hankaɗe ta da gwiwa ta faɗi zaune.

"Ki rufe min baki! Wallahi da zan wayi gari in ji ki shiru, da na huta."

Ya zuba.

Kwatar ta yi cuu. Kumfa ta taso fari fat. Warin ƙonannen gashi ya danne na kulorin.

Sai kukan ya tashi.

Ba murya ɗaya ba ce. Suna da yawa, sirara, suna gudu a cikin bututu daga wannan kusurwa zuwa waccan, suna bugun bango. Wani abu ya riƙa kartar ƙasan murfin ramin da ƙananan farata. Murfin da bai buɗe ba.

Kartar ta ragu. Ta ragu. Ta tsaya.

Ruwan ya yi ƙugi ya zurare gaba ɗaya. Aiki ya yi kyau. Sifana ya goge hannu a wando, ya ce wa kansa ɓeraye ne, ya fara tattara kaya. 

Injin famfo ya mutu.

Wurin ya yi tsit, har yana jin ɗigar ruwa daga bakin bokiti. Duhu ya sauko amma fitilun tafkin ba su kama ba. Ya ji sanyi a tafin ƙafarsa, ya duba.

Ruwa ne ke fitowa daga kwatar. Yana hawa gangarar da shi da kansa ya auna, yana tahowa sama, wajensa.

Can a kusurwa, murfin ramin ya motsa. Tsatsar ta yi ƙara. Aka ɗaga shi daga ciki, aka ajiye a gefe a hankali, yadda mace ke ajiye murfin tukunya.

Ba abin da ya fito. Sai aka ji wani numfashi mai tsawo, na wanda ya dawo gida ya ga abin da ya gani.

Daga nan murafen ragar suka fara ɗagawa. Ƙaras, na farko ya tashi ya koma. Ƙaras, na biyu. Wani abu na tahowa ta cikin kwatar da ko hannun mutum da ƙyar yake shiga.

"Rediyo," ya ce da raɗa. "Zo nan."

Tana durƙushe a bakin raga, tsakaninsu taku kaɗan. Ba ta waiwayo ba. Tana magana ƙasa-ƙasa, tana cewa ki yi haƙuri, na gaya masa, na gaya masa.

Ya ɗaga ƙafa zai je wajenta. Wani abu ya cafke idon sawunsa.

Zafi. Zafin soda.

Ya faɗi, haɓarsa ta daki tayil. Da ya waiga, hannu ne ya fito daga kwatar, daidai inda ya zuba sodar, dogo, gaɓoɓinsa sun fi na mutum yawa. Fatar ta saluɓe, tana zuba kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Da alama mai hannun ta tona cikin sodar tana neman wani abu.

Muryar ta fito daga kowace ƙofar raga lokaci ɗaya. Ta mace ce, ba ta ɗaga ba.

"Ba ka ƙwanƙwasa ba."

Ya fizgi ƙafarsa, hannun bai saki ba.

"Ai ka ji su," in ji muryar.

Ya so ya ce ɓeraye ya zata. Harshensa ya ƙi ɗaukar ƙaryar.

Aka ja shi. Tayil ɗin santsi ne, ba abin kamawa. Faratansa suka kakkarye a tsagin siminti. Ƙafarsa ta shiga kwatar har ƙauri, ƙarfen gefe yana yankar nama.

"Ki sake min Babana," in ji Rediyo. "Don Allah ki sake shi."

Jan ya tsaya.

Hannu na biyu ya fito a gabanta. Ya shafa kumatunta, a hankali, da tausayi. Abin da ya fi tsorata Sifana ke nan, tausayin.

"Ɗakina ya yi shiru," in ji muryar. "Kai kuwa shiru kake so."

Yatsa ɗaya ya taɓa leɓen yarinyar. Ta buɗe baki. Yatsan ya shiga, ya fito yana jan wani abu da ido ba ya gani, ya dunƙule shi a tafi, ya koma cikin raga.

Aka sake shi.

Bai san yadda ya miƙe ba. Ya suri yarinyar, ya bar akwati, ya bar bokiti, ya bar takalmi ɗaya. Yana gudu yana jin murafen na ƙaras-ƙaras a bayansa. Ya faɗa ta ƙofar baya, fitilu suka kama, inji ya tashi. Mai gadi ya tambaye shi ko an gama. Ya ce an gama.

A kan babur Rediyo ba ta ce komai ba.

Ba ta sake cewa komai ba.

An kai ta asibiti, likita ya haska maƙogwaronta ya ce lafiyarsa ƙalau. An kai ta wani, shi ma haka. Tana ci, tana sha, tana jin kira. In ta faɗi ta buɗe baki tana kuka, hawaye na zuba, ko iska ba ta fita da sauti. Uwarta ta rame. Ta tambayi Sifana abin da ya faru har ta gaji, ya ce zamewa ta yi ta tsorata. Yarinyar na zaune tana kallonsa lokacin da ya faɗa. Ƙafarsa ta warke da shaidar yatsu a zagaye, ya riƙa sa safa ko da zafi.

Gidan ya yi shirun da ya roƙa, kuma ya tsane shi.

Da ya sami ƙarfin zuciyar komawa ɗauko akwatinsa, da yamma ne, an tashi daga ninkaya. Manaja ya yaba aikin, ya ce magudanar ba ta taɓa gudu haka ba. Sifana ya sunkuya zai ɗauki akwatin a bakin raga, sai muryar Rediyo ta fito daga cikin kwatar.

"Baba? Kai ne? Nan akwai duhu, amma uwar yaran ta ce in na yi ta ba ta labari ba za ta yi kuka ba."

Ya zube a kan gwiwoyinsa. Ya ciccire murafen gaba ɗaya, ya buɗe ramin, ya shiga har ƙugu yana lalube. Gashi ne, da yashi, da ɗan kunnen wata mata. Muryar kuwa ta koma can wani bututun, tana ba da labarin ƙadangare.

Tun daga nan Sifana ya bar duk wani aiki, ya roƙi manaja ya ɗauke shi mai kula da tafkin. Abokan sana'a suna yi masa tsiya, wai babban oga ya koma mai tsintar gashi.  Kullum yana bin kwatar nan gunduwa-gunduwa da hannu, yana cire datti kafin ya taru, don kada ta toshe wata rana yana gida a kira wani mai gaggawa irinsa ya zo da robar soda. Ba ya zuwa biki, ba ya tafiya, ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi. Kallon ƙwallo kuwa ya manta yadda ake yi.

In rana ta faɗi, mutane sun watse, sai ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa murfin ramin, ya kwanta a kan tayil ya kara kunne. Rediyo kuma ta fara daga cikin bututu, daga wannan zance ta faɗa wancan, yadda ta saba. Wani lokaci tana tsaka da labari sai ta tsaya, muryarta ta ƙanƙance.

"Baba, na dame ka ko? In yi shiru?"

"A'a, uwata," yake cewa, bakinsa a jikin raga. "Ci gaba. Ina ji."