Kafireto Goma Sha Ɗaya

Rana ta kusa faɗawa bayan dutse, ƙananan motocin nan da ake kira kunkuru na unguwar Cuautepec suna hawa tudu da nishi kamar kullum, lokacin da noti na farko ya faɗo kan kwanon gidan Don Anselmo makaniki. Matarsa Brígida tana gasa wainar masara. 'Yarsu Nayeli tana wanke baƙin mai daga hannunta. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, daga nan aka shiga zubo su kamar tsakuwa.

Don Anselmo ya fito da sifana yana zagin maƙwabta. Babu kowa a titi. Ya ɗauki noti ɗaya ya yar da sauri, don zafi gare shi kamar yanzu aka kwance shi daga inji.

Ni dai ban taɓa ƙaunar mutumin nan ba, kuma ba zan ɓoye ba. Allon garejinsa ya ce "Anselmo da 'Ya'yansa Maza", alhali Allah bai ba shi namiji ko ɗaya ba. Shekara bakwai ke nan idonsa ya dushe, ba ya ganin lambar da ke jikin ƙarfe. Injin kunkuru kuwa ba shi da lagireto, fanka ke fifita shi, kuma kayan tsoho da na sabo kamar an tsaga kara. Ka saka na wannan a wancan, mota ta mace maka a tsakiyar tudu. Nayeli ce ke shafa ƙarfe ta raɗa masa ko na wane inji ne, shi kuma ya juya ya faɗa wa direba da babbar murya. In ta buɗe baki gaban mutane sai ya ce, "Je ki kawo mana kofi." Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

A kwazazzabon bayan unguwa akwai wata tsohuwar kunkuru da bishiya ta tsiro ta cikinta. Kowa ya san akwai aljani mai ita a ciki. Direbobi kan ajiye masa sigari su wuce, ba wanda ke taɓa ko madubi. Safiyar ranar da aka fara jifan, Don Anselmo ya ga banza ta faɗi, ya kwance kafireton motar, ya jefa shi cikin durom ɗin kananzir inda wasu goma suke jiƙe. Bai gaya wa kowa ba.

Yamma ta biyu aka ji inji yana aiki a cikin bango. Yamma ta uku Nayeli tana cin wake sai cokali ya suɓuce mata. Hannayenta suka sandare, idanunta suka kafe, maƙogwaronta ya shiga kaɗawa, tak-tak-tak, irin na motar da aka bari a kunne.

Brígida ce ta je ta ɗauko Doña Eufrosina mai magani, bayan mijin ya rantse ba tsohuwar da za ta taka masa gida. Tsohuwar ta iso washegari da la'asar, maƙwabta da direbobi suka cika ƙofa. Ta kunna turaren ƙaro, ta shafe Nayeli da ɗanyen ƙwai tun daga ka har tafin ƙafa, ta fasa shi cikin kofin ruwa. Baƙi ya fito, da ƙaurin man inji.

"Wane ne kai?" in ji ta. "Me yarinyar mutane ta yi maka?"

Muryar da ta amsa ta namiji ce, a shaƙe.

"Ita ba ta yi mini komai ba. Ubanta ɓarawo ne. Shekara arba'in ina kwana a motar nan, ya zo ya cire mini maƙogwaro."

Brígida ta juyo ta kalli mijinta. "Anselmo, kwazazzabo ka je? Kai wane irin mutum ne?"

"A dawo mini da nawa kafin rana ta faɗi," in ji muryar. "Sau ɗaya za a zaɓa. In aka miƙo mini na wani, na zauna a jikinta ke nan."

Aka jawo durom, aka jera kafireto goma sha ɗaya a ƙasa. Kananzir ya wanke su tas, duk sun zama ɗaya. Don Anselmo ya durƙusa, ya ɗaga wannan zuwa hancinsa, ya ajiye, ya ɗaga wancan. Gumi ya jiƙa masa riga. Inuwar dutse ta riga ta cinye rabin tsakar gida.

"Zaɓa mana, gwani!" Brígida ta daka masa tsawa. "Ba kai ne ka san komai ba?"

Doña Eufrosina ta daɗe tana kallonsa, sannan ta koma ga aljanin. "Ka ga dai ba zai iya ba, kuma kayanka kake so. Sakar mata hannaye."

Muryar ta yi dariya mara daɗi. "Na shigo jikin nan na tarar da wutar fushi da ta fi tawa. Sata biyu ya yi, tawa da tata. Ya faɗa da bakinsa waye makanikin gidan nan, kowa ya ji, sai in saki."

Don Anselmo ya dubi direbobin da ke ƙofa. Wallahi sai da ya tsaya tunani, 'yarsa tana kwance a gabansa. Wannan tsayawar ce ban yafe masa ba har yau.

"Ita ce," ya ce a ciki-ciki.

"Ban ji ba," in ji muryar.

"Nayeli ce! Ba na gani! Shekara bakwai ita ke gane komai!"

Hannayenta suka saki. Idanunta na kafe a rufi, yatsunta suka bi layin ɗaya bayan ɗaya, suna zura cikin bakin kowanne suna laluba gefensa. Guda goma na da 'yar wayar lantarki ta cok, abin da ke taimaka wa inji tashi da sanyi. Na tara a layi ba shi da ita, bakinsa matsattse ne, cok ɗinsa na ja da hannu, irin na injunan farko kamar na motar kwazazzabo. Ta ɗaga shi sama.

Kaɗawar maƙogwaronta ta tsaya kamar an kashe makulli. Kwanon rufi ya yi ƙara sau ɗaya, hayaƙin turare ya bi ƙofa ya fice.

Nayeli ta tashi zaune, ta sha ruwan da uwarta ta miƙo. Uban ya matso zai taɓa ta, ta janye kafaɗa.

"Duk na ji, Baba," ta ce. "Shekara bakwai ina jiran maganar nan. Aljani kwana huɗu kawai ya yi."

Ta naɗe kafireton a gyalenta ta nufi kwazazzabo, direbobi suna buɗe mata hanya. Daga can gidan innarta ta wuce, ba ta dawo ba. Don Anselmo ya zauna gaban sauran goman har duhu ya rufe su, bai san ko ɗaya na wace mota ne ba.