Manomiya da Kwikwiyon Maharbi

A wani zamani can, an yi wata manomiya da birai suka addabi gonar gyaɗarta. Ta yi ihu, ta yi jifa, birai ba su fasa ba. Sai ta ce kare za ta nema.

A kasuwa ta tarar da wani mutum da kwikwiyoyi cikin kwando, idanunsu ma ba su gama buɗewa ba.

Ta ce, "Malam, ina uwarsu?"

Ya ce, "Me ya haɗa ki da uwa? Zaɓi ki tafi."

Ba ta zaɓa ba. Ta wuce gidan wani tsohon maharbi, ta ga karya kwance a inuwa, 'ya'yanta suna tsotso.

Ta ce, "Baba, ba ni wancan baƙin yau. Birai suna cinye mini gona."

Ya ce, "Naki ne, 'yata, amma ba yau ba. Sai uwarsa ta yaye shi, ya iya cin tuwo da kansa."

Ta kai hannu ta ɗaga shi. Kwikwiyon ya tsala kuka, uwar ta miƙe tana kallonta. Manomiya ta daɗe tsaye, tana tuna gonarta. Sannan ta mayar da shi bakin nono.

A shekarar birai suka ci rabin gyaɗar. Ta share hawaye, ta kwashe sauran.

Da damina ta zagayo, ƙaton baƙin kare ne a gabanta har gona. Birai suka hango shi daga kan bishiya. Ko ɗaya bai sauko ba.