Faifan Wasa Mai Kulle

A garin Gure an yi wata yarinya 'yar aji shida. Tana da ƙoƙari, kuma ta san tana da shi. Duk tambayar da Mushe, malaminsu, ya yi a lakwal, wato makaranta, hannunta ne farko a sama.

Kawunta Burahima yana da shago kusa da tasha, inda yake buga wa mutane takardu. A shekarar 1998 ya sayo kwamfuta daga Damagaram. Shi ordinatar yake ce mata. Ya haɗo da wasa guda, a cikin wani ƙaramin faifai baƙi da ake kira disket.

Ranar Lahadi Kawu yakan bar yaran unguwa su yi wasan. Wata jar mota ce ke gudu tana kauce wa ramuka. Amma wasan yana da hali mai ban haushi. Ana tsakiyar gudu sai komai ya tsaya cak. Wata 'yar fitila ta kama, faifan ya yi ta ƙara, kar-kar-kar. In ya saki, kafin mutum ya ankara motar ta faɗa rami.

Yarinyar ta ce, "Kawu, me ke tsayar da shi haka?"

"Kulle ne masu wasan suka sa masa," in ji Kawu. "Yana dubawa ne ko faifan asali ne a ciki. Tsoro suke kada a kwafa a sayar."

"To ai kai saye ka yi!"

"Saye na yi, 'yata. Amma na'ura ba ta sani ba, sai ta yi ta bincikena kamar ɓarawo. Na so in kwafi na ajiya, ya ƙi. Don haka ku kiyaye. In fitilar nan tana ci, kada kowa ya taɓa faifan."

Da hutu ya zo, Sadi ɗan goggonta ya zo daga Kelle. Bai taɓa ganin kwamfuta ba. Tun da ya iso ba ya da magana sai ta jar mota.

Ranar Lahadi suka tafi shagon tare. Yara sun yi layi, Sadi yana bayanta. Da aka kira la'asar, Kawu ya fita masallaci.

Yarinyar ta zauna. Ta wuce rami, ta wuce wani. Ta kai inda ba wanda ya taɓa kaiwa. Sai wasan ya tsaya. Kar-kar-kar!

"Yau na gano maganinsa," in ji ta. "In na cire faifan, me zai duba?"

"Kawu ya hana," in ji Sadi.

"Kai da ka zo jiya? Tsaya ka gani."

Ta danna maɓalli, faifan ya fito. Nan take motar ta ɓace. Rubutun Faransanci ya bayyana, yana cewa a sa faifan asali. Ta mayar da sauri. Na'urar ta yi ƙara, ta yi ƙara, ta yi shiru. Motar ba ta dawo ba.

Kawu ya shigo, ya gwada, ya sake gwadawa. Ya girgiza kai.

"Ya lalace. Wa ya cire shi?"

Kawu ya dubi baƙon yaron.

"Sadi, ko kai ne? Ka faɗa, na san ba ka saba ba."

Idanun Sadi suka cika da hawaye.

Yarinyar ta miƙe.

"Ba shi ba ne, Kawu. Ni ce. Shi ma sai da ya hana ni."

"Na ji," in ji Kawu. "Je ki gida. Kada ki dawo shagon nan sai na kira ki."

A hanya yaran suka ƙi yi mata magana. A gida ta ba Inna labari tana kuka.

"Inna, ai laifin masu kullen ne! Da sun bari an kwafa, da muna da wani."

"Wannan gaskiya ne," in ji Inna. "Kullensu ya takura ku, ya kuma cuci kawunki da ya saya da guminsa. Amma hannun wa ya danna maɓallin?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Nawa."

"To nan ne naki laifin. Je ki ba ɗan'uwanki haƙuri."

Ta je ta ba shi. Sauran kwanakin hutun, tare suke zuwa lambun Baba a cikin kwari, suna ban ruwan albasa. Ashe Sadi ya fi ta iya jan guga nesa ba kusa ba. Wannan karon ta tsaya ta koya.

Ana jibi Sadi zai koma Kelle, Kawu ya aiko a kira su. Wani direba ya kawo masa sabon faifai daga Damagaram.

"Wanda ya yi wannan wasan ya ce kowa ya kwafa," in ji Kawu. "Zo, 'yata, in nuna miki yadda ake kwafa."

Ta bi maganarsa daki-daki. Da fitila ta kama, ta naɗe hannuwanta ta jira har ta mutu. Suka sami na ajiya, Kawu ya sa a aljihun tebur.

Wasan jirgin sama ne, kuma ba ya tsayawa ko kaɗan. Yarinyar ta ja kujera.

"Sadi, kai za ka fara."

Jirgin Sadi ya tashi, ya karkace, ya faɗa cikin ruwa. Kowa ya tuntsire da dariya, shi ya fi kowa.

"A sake! A sake!" in ji shi.

Daga ranar yarinyar ta gane abu ɗaya. Ko da abu ya ba ka haushi, kuma kana da gaskiya, kada ka yi gaggawar taɓa abin da ba ka sani ba. Ka tambayi manya tukuna, ka bi gargaɗinsu.